Amsa: Akurkin kaji 10 a bayan gida

Malam, kan tambayarka ta girman akurkin kaji 10: tsawon mita 2, faɗin mita 1 da rabi ya ishe su. Amma don Allah kar ka toshe shi da bulo har sama. Ni na yi haka, zafin bazara ya kashe min kaji 3, sauran na tarar da su baki buɗe suna haki. Ka ja bulo layi 2 kawai, sauran ka sa raga mai ƙananan ido saboda ɓera da maciji. Kwanon rufin ka shimfiɗa masa zana. Ƙasa kuwa ka zuba ɓuntun shinkafa, da ya jiƙe ka kwashe. Ka gicciya musu sanda, kaza ta fi son kwana a sama.