Tambayi Anti: Teburin keken ɗinki nake nema, kuma kuɗina kaɗan ne

Tambaya: Salam Anti, ya aiki ya yara. Dan Allah shawara nake nema. Ni a Agege nake zaune, ciki da falo ne damu a gidan haya. Wata uku kenan na fara koyon ɗinkin kwilt a YouTube, irin bargon nan da ake haɗa ƙyallayen atamfa a saka auduga a tsakiya a bi shi da ɗinki. Maigida ya siyo min ƙaramin keken wuta Brother na hannu, to akan teburin roba irin na biki nake ɗora shi, wlh da na taka sai teburin ya kama rawa ɗinkin ya karkace, ga ciwon kafaɗa ga na wuya. Naga wasu tebura a Instagram masu durowa da taya har ninkewa suke amma kuɗinsu yafi na keken ma. Wanne zan saya da bazai cinye min ɗan jarina ba? Daga Maman Haidar, Agege.

Amsa: Wa'alaikumus salam Maman Haidar ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a sana'a. Da farko dai ki rufe Instagram ɗin nan ki huta, waɗancan teburan ba naki bane yanzu, wata uku da fara koyo ai ba durowa ce ta dameki ba. Shi kuma teburin roba ki maida shi kicin a dinga yanka albasa akai, ba'a yi shi dan keke ba, bashi da nauyi kuma tsakiyarsa lotsawa yake, shi yasa da moto ya ɗauka sai ya hau rawa.

Bari na fara da ciwon kafaɗar dan shi yafi damuna. Teburin da aka saba dashi tsayinsa wajen inci 30 ne, shi kuma keken naki inda allura ke sauka ya ɗara teburin da kamar inci 3, kinga ya zama 33 kenan, in ba doguwa bace ke sosai dole ki dinga ɗage kafaɗu kamar kazar da ruwa ya daka, awa biyu a haka wuya ya riƙe. Ga yadda zaki gane naki awon: ki zauna akan kujerar da kike ɗinki da ita, ƙafa a ƙasa daram, ki saki kafaɗa ki lanƙwasa hannu ki miƙar dashi gaba kamar zaki karɓi tire, sai wani ya ɗauki tef ya auna daga gwiwar hannunki zuwa ƙasa. To nan ne ya kamata farantin allura, wato ɗan ƙarfen nan da allura ke sauka a ciki, ya tsaya. Wannan lambar ki rubuta a waya, da ita zaki je kasuwa ko wajen kafinta, ba da hoton teburin wata baturiya ba.

Sai abinda ya raba mai kwilt da tela mai ɗinka riga. Riga bata da nauyi, shi kuwa kwilt hawa uku ne, ga fuska ga auduga ga bayan, in na gado 6 da 6 ne kuwa kaya ne guda, da zarar gefensa ya zubo daga teburi sai ya dinga jan allura, taku ya zama wani dogo wani gajere, wani lokacin har allura ta karye kice keken ne bashi da kyau alhali ba laifinsa. Saboda haka fili kike buƙata a hannun hagu da kuma bayan keke, dan can kayan ke tafiya. Hannun dama ba komai, wajen almakashi da zare ya isa. Teburi mai tsawon ƙafa 4 da faɗin ƙafa 2 shine mafi ƙanƙanta da zan yarda dashi, ki tura keken can ƙarshen dama, sannan ki manna teburin a kusurwar ɗaki yadda bango zai tare ta baya da ta hagu, bargon bashi da inda zai faɗa. In babban aiki ya zo ki jawo teburin guga ki sauke shi daidai tsayin naki ki kafa a gefe, ya zama ƙari kyauta.

Yanzu maganar saye. Ni a ganina kafinta ya fi miki. Falankin filawud guda ƙafa 8 ne da 4, saman teburinki kwata kawai zai ci, in akwai maƙociya mai so sai ku haɗa kuɗi ku raba. Kice masa mai kauri, inci uku bisa huɗu, ƙafafu na katako mai ƙarfi kuma ya ɗaure su da sanda ta baya da gefe-gefe, amma gaba ya bar miki wajen gwiwa da feda. Abu mafi daɗi, ki kai masa keken ya zana shi ya fafe rami a saman teburin, ya yi ɗan kanta a ƙasa keken ya zauna ciki yadda farantinsa zai yi daidai da fuskar teburi sumul. Kar ki manta ya bar ƙofar wayar wuta, kuma ki duba ta ina bobin ɗinki, wato ɗan abin naɗa zaren ƙasa, yake fita, in ta gaba ne a bar wajen sa hannu in ba haka ba duk canjin zare sai kin ciccibo keke. Saman kuma a manna fomeka ko a goge da samfefa sosai a shafa masa mai, dan ƙaya ɗaya ta katako ta isa ta ja miki zaren atamfa.

Katako kuwa nan ne zan ja kunnenki, Legas ce fa ba Kano ba. Irin allon nan na garin katako da ake matsewa, wanda ake yin yawancin teburan shago masu sheƙi dashi, shi da danshi basa ga maciji. Ni ya taɓa ci na, lokacin muna Idi-Araba na saya wajen wani mai shago yana ta rantsuwa wai ko a teku aka jefa shi ba abinda zai yi, damina ɗaya ruwa ya ɗan shigo mana ɗaki, ƙafafun suka kumbura kamar burodin Agege, noti suka saki, ko wata takwas bai yi ba. Filawud na gaske, in da hali wanda suke cewa marin mai jure ruwa, ko katako zalla. In kina so ki zaɓo da kanki kasuwar katako ta Amu tana nan Mushin, jirgin ƙasan nan na Red Line da ya fara ɗaukar mutane a 2024 yana tsayawa Agege yana tsayawa Mushin, sai dai dawowa da falanki kam sai mota, ki saka kuɗin ɗauko a lissafi. Ki tambayi mutum uku kafin ki ciro kuɗi, kuma kar ki ba kafinta kuɗin aiki duka a gaba, kin dai san hali.

In kuɗin kafinta ma yayi yawa akwai na hannu. Tsohon teburin ofis ko na cin abinci da masu tashi daga gida ke sayarwa, mai nauyi, in yayi tsayi a rage masa ƙafa. Ko ki leƙa wajen masu gyaran keke ki tambayi ƙafar tsohon Butterfly ko Singer, ta ƙarfen nan, ba kai, a ɗora mata sabon katako mai faɗi, wannan ko girgiza bata yi. Saman ta na asali dai bazai miki ba dan ramin an yanka shi ne daidai kan baƙin keke. Duk wanda zaki saya ki dafa shi da hannu biyu ki jijjiga, ki leƙa ƙarƙashi, in kinga ƙananan huji da gari-gari na zuba ƙwaro ya riga ki, ki barshi ko kyauta ne.

Yankan ƙyalle kuma kar kiyi shi a teburin ɗinki, yanka a tsaye ake yi, yana son wajen inci 36, in kin sunkuya akan gajere bayanki ne zai biya. Kafin ki samu na biyu ki ɗora ragowar falankin akan firiza ko kantar kicin ki yanka, in kin gama ki jingine shi bayan ƙofa. Teburin roban nan kuma kafin sabon ya iso ki manna shi da bango, ki shimfiɗa tawul mai kauri ko guntun tabarmar roba a ƙarƙashin keken, ki rage gudu. In kin gama bargon farko a turo mana hoto, a gaida Haidar da babansa.