Madara ba ta wanke ƙurar amiyanti daga huhu

Tambaya: Likita, ni magini ne a Tahoua. Shekaru goma sha biyar da suka wuce mun sauke tsohon rufin fibrosiman, muka yanka shi da injin, ƙura ta yi fari fat. Mai aikin ya ba mu madara, ya ce za ta wanke ƙirji. Yanzu haki nake idan na hau tsani. Madarar ta kare ni? Zan iya kai ƙara?

Amsa: Allah ya ba ka lafiya, Malam. Ka je a ɗauki hoton ƙirjinka, a gwada majina don a cire shakkar tarin fuka, kuma ka faɗa wa likita da bakinka cewa ka shaƙi amiyanti, wato ma'adini mai zare-zare da ake haɗawa da siminti a tsohon rufin fibrosiman. In kana shan taba ka bari yau, domin ita da wannan ƙura tare suna ninka haɗarin sankarar huhu.

Maganar madara kuwa ta ishe ni. Kullum sai na ji ta, daga magina, daga masu gyaran birki, har daga masu kwangila da suka yi boko. Madara ciki take zuwa, ƙura kuwa hanyar numfashi take bi. Ina za su haɗu? Zaren amiyanti ido ba ya ganinsa, yana soke cikin huhu kamar allura, jiki ba ya narkar da shi. Nono, zuma, man shanu, jiƙon mai magani a tasha, babu wanda ke fitar da shi. Illar wannan ƙarya ita ce mutum ya sha gwangwani ɗaya ya koma yanka ba takunkumi, hankalinsa kwance, alhali sankarar fatar huhu kan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana. Mai aikin ya saya muku madara ne saboda ta fi FFP3, wato takunkumin tace ƙura mai laushi, araha.

In ka sake haɗuwa da irin rufin, kada a yanka, kada a share da tsintsiya. A jiƙa da ruwa da sabulu, a kwance ƙusoshi, a sauke falle-falle, a naɗe a leda biyu. Tufafin aiki kada su shiga gida a wanke su da na yara.

Batun ƙara, takarda ce ke magana. Faransa ta hana amiyanti tun 1997, har ta kafa asusun diyya, FIVA. A nan Nijar sai ka fara da takardar likita, shaidar aiki da lambar CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata, in mai aikin ya yi maka rajista. In bai yi ba, nemi abokan aikin da za su shaida, ka kai wa sufetan ƙwadago.