Likita na amsa tambayoyinku: maganin istirojin

Tambaya: Likita, shekarata 51, al'ada ta ɗauke mini tun bara. Cikin dare sai zafi ya taso mini daga ƙirji zuwa fuska, in farka sharkaf da gumi ko da hunturu ake. Ƙawata ta ce in sayi ƙwayar istirojin. (Wata Hajiya daga Zariya)

Amsa: Sannu Hajiya. Wannan ba iska ba ce, kada ki sa damuwa a ranki. Istirojin sinadari ne da ma'ajiyar ƙwan mace ke samarwa. Idan al'ada ta ɗauke, yawanci tsakanin shekara 45 zuwa 55, sai ya ragu, zafin ya biyo baya. Babu maganin da ya kai shi kwantar da wannan zafi, kuma yana kare ƙashi daga zaizayewa. Amma don Allah kada ki shiga kemis ki saya haka kawai. Abin da zan fara tambayarki shi ne, mahaifarki tana nan? Idan tana nan, istirojin shi kaɗai yana kaurara fatar cikinta, har abin ya iya kaiwa ga ciwon daji, shi ya sa muke haɗa shi da wani sinadari mai suna furojestin, wanda ke kare fatar cikin mahaifar. Wadda aka cire wa mahaifa ce ake bai wa shi kaɗai. Wadda kuma ta taɓa yin dajin nono, ko jini ya daskare mata a ƙafa, ko shanyewar ɓarin jiki, ba ma ba ta. Ki zo a auna jininki, a duba nono, mu tattauna.

Tambaya: Ina goyon wata biyu. Zan iya shan ƙwayar tazarar haihuwa? (Maijego daga Maraɗi)

Amsa: Barka da arziki, 'yar'uwa. Ƙwayar iri biyu ce. Mai istirojin tana iya rage ruwan nono, don haka mai shayarwa ta dakata da ita har jariri ya kai wata 6. Ki nemi mai furojestin zalla, ki riƙa sha kullum a lokaci guda.

Tambaya: Tun da na daina al'ada nake jin bushewa da zafi wajen kwanciyar aure. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa.

Amsa: Na ji daɗi da kika daure kika tambaya, Yaya, domin mata da yawa suna haƙuri da abin da yake da magani. Akwai man istirojin da ake sakawa a gaba, kaɗan ne ke shiga jini, cikin 'yan makonni ake jin sauƙi. Amma idan kika ga jini bayan kin shekara ba al'ada, ki garzaya asibiti kafin ki sa komai.