Amsoshin Tambayoyinku: Abincin Kyanwa, Takunkumin Kare da Ba da Magani

Wata mai karatu da ta fara koyon aikin jinyar dabbobi ta rubuto cewa: "Masu dabbobi suna yawan tambayata ko za su iya sayen buhu ɗaya na busasshen abinci su riƙa ba kare da kyanwa tare, tunda na karnuka ya fi sauƙin kuɗi. Me zan ce musu?"

Malama, ki ce musu kada su yi, kuma ki faɗa musu dalili, domin wanda aka hana ba tare da hujja ba yakan koma gida ya yi abin da ya ga dama. Jikin kare yana iya amfana da nama da hatsi gaba ɗaya, ita kuwa kyanwa halittarta ta cin nama ce zalla, akwai kuma sinadaran da jikinta ba ya iya haɗa isassu da kansa. Babba daga cikinsu shi ne tawurin. A shekarar 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka suka nuna cewa ƙarancinsa yana sa naman zuciyar kyanwa ya saki har zuciyar ta kasa harba jini yadda ya kamata, tun kafin nan kuma an san yana lalata ido har ya kai ga makanta. Ba a la'akari da wannan buƙata ta kyanwa wajen haɗa abincin karnuka. Illar ba ta bayyana a mako ɗaya ko biyu, sai an yi watanni, shi ya sa mai kyanwar yake rantsuwa cewa lafiyarta ƙalau har ranar da ta fara numfashi da ƙyar.

Idan za su saya, su bar kallon hoton da ke gaban buhu, su juya bayansa su nemi bayanin da ke nuna cewa abincin cikakke ne ga irin wannan dabba a irin waɗannan shekaru, bisa ma'aunin AAFCO ta Amurka ko na FEDIAF ta Turai, ƙungiyoyin da ke tsara ƙa'idojin abincin dabbobi. Busasshen abinci ruwan da ke cikinsa kusan kashi 10 cikin 100 ne, na gwangwani kuwa yakan kai kashi 75 zuwa 80, saboda haka ni na fi son na gwangwani ga kyanwar da ba ta cika shan ruwa ba ko wadda ta taɓa fama da matsalar fitsari. Sauya abinci kuma a hankali ake yi, cikin kwana 7 zuwa 10, ana ƙara sabon ana rage tsohon. Kada ki yarda da masu cewa a bar kyanwa da yunwa har ta haƙura ta ci, domin kyanwa mai ƙiba idan ta yi kwanaki ba ta ci ba kitse yana iya taruwa a hantarta, wannan kuwa cuta ce da ke kisa.

Wani ma'aikacin asibitin dabbobi ya tambaya: "An ce in zaɓi takunkumin da za a saya wa karnuka, ga na yadi ga na kwando. Sannan ko safar hannu mai kauri ta isa wajen riƙe kyanwa?"

Malam, ka sayi biyun, amma ka san aikin kowanne. Na yadi yana matse baki ruf, kare kuwa da haki yake fitar da zafin jikinsa, don haka ba a barinsa a bakin kare sai na 'yan mintuna, gwargwadon yin allura ko yanke farce, kuma ba a sa shi ga karen da ke amai ko wanda numfashinsa ya yi nauyi. Na kwando yana barin kare ya buɗe baki ya yi haki har ya sha ruwa, shi ne na zaman jira ko doguwar duba. Karnuka masu gajeren hanci su ne abin lura, domin tun asali hanyar iskarsu a ƙuntace take.

Safar hannu mai kauri ban cika ganin amfaninta ba, domin tana hana ka jin ƙarfin da kake matsa dabbar da shi, haƙorin kyanwa kuma yakan huda ta. Babban tawul ya fi ta: a naɗe jikin kyanwa da ƙafafunta a bar kai kaɗai a waje. Damƙar fatar ƙeya da aka saba da ita a dā, masana halayyar kyanwa yanzu suna hana ta, saboda tana ƙara mata tsoro. Idan kuwa kyanwa ta cije ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa ka ga likita a ranar, domin haƙorinta siriri ne, yana kai ƙwayoyin cuta can ciki, bakin ciwon kuma ya rufe a kansu.

Tambaya ta uku daga wata mai kyanwa ce: "Duk ƙwayar da na sa mata a baki sai ta tofar. In sayi abin tura ƙwaya? Kuma idan tana jin ciwo zan iya ba ta rabin farasitamol?"

'Yar'uwa, bari in fara da ta biyun, domin ita ce ta rai da mutuwa. Kada ki ba ta ko ɓarin ƙwaya. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol kamar ta mutum, maganin yana lalata jininta ya kasa ɗaukar iska, dasashinta ya yi duhu, fuskarta ta kumbura, ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe ta. Haka ibufurofen yake ji wa kare ciwo a ciki ya taɓa masa ƙoda.

Abin tura ƙwaya yana da amfani idan bakinsa na roba ne mai laushi. Ki ajiye ƙwayar a can ƙarshen harshe, ki rufe bakin, ki shafa maƙogwaro a hankali, idan ta lashi hancinta galibi ta haɗiye. Ki haɗa da ƙaramin sirinji marar allura, ki bi ƙwayar da ruwa kamar mililita 5, domin wasu magunguna, musamman doksisaikilin, idan suka maƙale a hanyar abinci suna ƙona ta har ta tsuke. Ruwan ta gefen kunci ake ɗura shi kaɗan-kaɗan, ba a ɗaga kai sama, don kada ya bi ta huhu. Kada kuma ki daka ƙwaya sai kin tambayi likitan dabbobi, saboda wasu an lulluɓe su ne don kada su narke sai a hanji.

Wani kuma ya ce maganin ƙuma na karnuka da ake ɗiga wa a ƙeya ya rage masa, yana so ya ƙarasa shi a jikin kyanwarsa maimakon ya sayi wani.

Malam, ka sayi nata daban. Da yawa daga cikin na karnuka suna ɗauke da sinadarin kashe ƙwari mai suna fametirin, wanda ke sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya, wani lokaci ko da gogar jikin karen da aka ɗiga wa kawai ta yi. Ka auna nauyinta a sikeli kafin ka saya, domin bisa kilo ake raba waɗannan magunguna, sannan ka raba ta da karen har sai maganin da ke jikinsa ya bushe.