Zana bayanan kafin ka amince da matsakaici

Malam, ka tambaya ko summary(), umarnin da ke taƙaita alƙaluma a manhajar ƙididdiga ta R, ta wadatar, ko sai an yi zane. Don Allah ka zana. A 1973 masanin ƙididdiga Francis Anscombe ya haɗa rukunin bayanai 4, kowanne da ɗigo 11. Matsakaicinsu kusan ɗaya, bazuwarsu ma haka, amma da aka zana su kowanne ya fito da kamanninsa, ɗaya ma lanƙwasa ya yi. Suna nan cikin R, rubuta anscombe ka gani da idonka.

Ni dai tazarar matsakaici da lambar tsakiya nake fara dubawa. In ta yi faɗi, galibi wasu 'yan alƙaluma ne suka yi nisa suna jan matsakaicin, hist() kuwa, umarnin da ke zana yadda alƙaluma suka bazu, za ta nuna maka su.