Amsa ga mai tambaya a kan yatsan ƙafar da ya kumbura bayan tuntuɓe

Ɗan'uwa, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce shekaranjiya ka yi tuntuɓe da dokin ƙofa, yatsan da ke kusa da ƙaramin ya kumbura har ya yi baƙi, amma da yake kana iya takawa, mutanen gida sun ce targaɗe ne, a kira mai ɗori ya ja maka shi.

Iya takawa ba hujja ba ce. Ni kaina kwana huɗu na yi ina ɗingishi zuwa kasuwa da karyayyen yatsa, bayan tukunyar gas ta suɓuce daga hannuna ta sauka a kan ƙafata. Ka cire takalmi ka jera ƙafafunka biyu, ka duba ko yatsan ya karkace idan an gwada shi da ɗan'uwansa na ɗaya ƙafar, sannan ka danna kan ƙashin a hankali. Idan zafin ya tattaru a wuri guda, ga kuma jini ya kwanta a ƙarƙashin fata ko farce, to zargin karaya ya yi ƙarfi, ko da yake hoton ƙashi ne kaɗai zai raba gardama.

Kuskuren da na yi shi ne na bari aka ja mini yatsan, aka gasa shi da ruwan zafi tun daren farko, da gari ya waye ko silifas ba ya shiga. Ba na raina masu ɗori, amma jan ƙashin da ba a ga yadda ya karye ba yana iya gusar da shi daga mazauninsa. A kwana biyun farko sanyi ake buƙata: ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, minti 15 zuwa 20, ƙafar kuma a ɗora ta bisa matashi.

A asibiti abin da aka yi mini bai kai yadda na zata ba. Auduga aka sa tsakanin yatsan da maƙwabcinsa, aka haɗe su da filasta ba tare da an matse ba, domin lafiyayyen ya zama madogara, aka ba ni farasitamol, aka ce in nemi takalmi mai faɗi wanda ƙasansa ba ya lanƙwasa. Alwala ce ta fi ba ni aiki, don duk lokacin da audugar ta jiƙe sai na canza ta, in ba haka ba tsakanin yatsun ya yi fari ya fara wari. Sujada da zaman tahiya kuwa sun gagare ni, na yi mako biyu ina salla a kan kujera. Irin wannan karaya takan haɗe cikin mako 4 zuwa 6.

Babban yatsa shi ba a yi masa wannan dabara a gida, domin shi ke ɗaukar nauyin jiki a kowane taku. Haka nan idan akwai buɗaɗɗen rauni, ko yatsan ya karkace, ko ya yi sanyi ka daina jin sa, ko kana da ciwon suga, kada ka sake kwana ba ka ga likita ba. Mai rauni kuma ya tambayi allurar tetanus. Idan daga baya farcen ya cire, kada hankalinka ya tashi, nawa sai da ya yi kusan shekara kafin ya gama fitowa.