Shin kuɗi kaɗai na shigar da mutum kulob ɗin White's na Landan?

Malam, ka tambayi asalin kulob ɗin White's, wato gidan taruwar manyan mutane da mambobinsa kaɗai ke da ikon amfani da shi, da kuma ko mai hali zai iya biyan kuɗi kawai ya zama mamba. Kuɗi ba sa buɗe wannan ƙofa.

Wani ɗan Italiya, Francesco Bianco, shi ya buɗe wurin a 1693 a matsayin shagon shan cakulan mai zafi, daga baya masu sarauta da manyan 'yan caca suka mayar da shi majalisarsu, kuma yau yana kan titin St James's. Ba a neman shiga da kai. Sai wani mamba ya gabatar da kai, a mara masa baya, a rubuta sunanka a littafi, sauran su riƙa sa hannu, wanda kan ɗauki shekaru. A tsohuwar al'adar irin waɗannan kulob, kowa kan jefa ɗan ƙwallo fari ko baƙi a akwati a asirce, kuma baƙi kaɗan sun isa su rufe maganar ba tare da an san wanda ya jefa ba.

Har yanzu maza zalla ake ɗauka, abin da ya sa David Cameron, wanda daga baya ya zama firaministan Birtaniya, ya fice a 2008, alhali Garrick, wani kulob irinsa a Landan, ya amince da mata a 2024.

Babban kuskure shi ne matsa wa mamba ya gabatar da kai, domin a wurinsu rashin kunya ne. In an gayyace ka cin abinci, ka tambayi mai masaukinka ƙa'idar sutura, shi kuma ya tuntuɓi sakataren kulob kan abin da ya shige masa duhu.